Fankar Da Na Rataya A Ɗakin Inna

A daminar 2023 ne rufin ɗakin mahaifiyata ya gaza. Ɗaki ne na ƙasa, ginin kakanmu, a wani lungu cikin birnin Kano. Rufinsa na azara ne da aka daɓe da ƙasa, irin wanda ake bi da yaɓe duk shekara kafin saukar ruwa. Tun da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, yaɓen ya zama sai an tuna. Gara ta shiga azarar ta cinye ta daga ciki, mu kuwa muna kallo daga ƙasa muna ganin komai lafiya lau. Wani dare cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba sai wani ɓangare na rufin ya rufto a gefen gadon Inna. Allah Ya kiyaye, ta riga ta fito alwala. A ranar muka ɗauke ta zuwa gidan da nake haya, ni da ƙannena muka yanke shawarar a gyara gidan gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa gini a wannan tsakani ya san abin da muka gani. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin dako ya tashi, komai ya bi bayansa. Zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000. Lissafin da muka yi da birkila a watan Satumba, kafin Janairu ya zama tatsuniya. Haka muka daure, muka sauke azara muka ɗora kwano, aka buga silin na roba, aka yi filasta da fenti, aka sake wayarin gidan. Ɗaki ya yi kyau a ido. Amma ranar da na shiga cikinsa da azahar a watan Maris, sai na gane mun rabu da wani abu ba mu sani ba. Katangar ƙasa mai kauri da rufin azara suna shanye zafin rana a hankali, ba sa sakinsa sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida ke kwance a tsakar gida. Shi kuwa kwano, da zarar rana ta taɓa shi ya ɗauka, ya juye wa na ƙasa. Ɗakin da Inna ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana barcin rana a cikinsa da mafici kaɗai, ya koma tamkar tanderu.

Ga azumi ya kama, ga bazara, zafin Kano kuwa a irin wannan lokaci yakan haura digiri 40. Inna tana fama da hawan jini, kuma ta ƙosa ta koma ɗakinta. Ta ce ba za ta yi Sallah a gidan haya ba. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta cikin lissafinmu. Ko da an iya sayenta, tana jan wutar da fanka goma za su ja, kuma a makon farko na watan Afrilun ne aka ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat a awa. Mu ba ma cikin rukunin, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Fankar sama ta yau da kullum wat 70 zuwa 80 take ja, ƙaramin janareta ko inbata ma na iya ɗaukarta. Saboda haka muka tsaya a kan fanka.

Matashin da ya yi mana wayarin ya ce zai ɗaura kowace fanka a kan Naira 5,000. Ya ƙara da cewa a ɗakin Inna sai an sake buɗe silin, domin kafinta ya rufe ba tare da an sa ƙugiyar da za a rataye fanka ba, wannan kuma kuɗinsa daban. A lokacin albashi ya ƙare, ga bashin mai fenti, ga ɗinkin Sallar yara. Na ce masa ya yi tsada. Ya ce da ni, "Malam, aikin ba haɗa waya ba ne kawai." Na yi murmushi na sallame shi.

Dole in faɗi abin da ke bayan murmushin nan, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ni malamin kimiyya ne, shekara goma sha shida ina koyar da darasin fiziks a makarantar sakandare. Na zana da'irar lantarki a allo sau ba iyaka. Na san wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana sauya alkibla a zagaye 50 cikin kowace daƙiƙa. Har tarihin fankar nakan ba ɗalibai: yadda a ƙasar Indiya ake rataye wani faffaɗan mafici a rufi, a sa mutum ya wuni yana jansa da igiya, da yadda a shekarun 1880 wani Ba'amurke haifaffen Jamus, Philip Diehl, ya ɗauki injin da ya ƙera wa keken ɗinki na Singer ya ɗaura masa fukafukai ya rataye a sama. Shi kuwa yaron da ke neman dubu biyar ɗina, na san bai ƙarasa sakandare ba. A zuciyata na ce, abin da wannan ya iya, yaya za a yi ya gagare ni? Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuma a ranar ban ɗauki sanina ƙarami ba.

Na shiga Sabon Gari na sayo fanka mai inci 56. Da na buɗe kwalin sai na tarar da kan fankar, wato injin, mai nauyin kusan kilo biyar, da sandar ƙarfe, da fukafukai uku, da kofuna biyu na rufe mahaɗa, da regileta, sai wata 'yar leda mai ɗauke da notuna da washa da wata dunƙulalliyar roba. A cikin ledar akwai wasu 'yan ƙarafa guda biyu, sirara, masu ƙafa biyu kamar matsefata, waɗanda daga baya na ji masu aikin suna kiransu fin. Takardar bayani na duba ta sama-sama. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, dukansu an ɗauke su ne a gidajen Amurka, inda ake kafa akwatin ƙarfe na musamman a cikin silin domin ɗaukar nauyin fanka. Rufin Inna ba shi da wannan, amma ban bari bambancin ya dame ni ba.

Maganar ƙugiya na warware ta cikin sauƙi, a ganina. Na sayo irin wadda ake murɗawa cikin katako. Na hau tsani na riƙa ƙwanƙwasa silin har na ji wurin da ya yi sautin katako, na huda, na murɗa ta har ƙarshe. Na ja da hannu, na ji ta kama gam. Ban tsaya na tambayi kaina wane katako ne ba. Ashe ɗan siririn nan ne mai inci biyu-biyu da kafintoci ke kira tubaitu, wanda ba a sa shi don ya ɗauki komai ba sai fallayen silin marasa nauyi.

Na zauna a ƙasa na haɗa fankar gaba ɗaya, har da fukafukanta, domin na ga ya fi sauƙi a ɗaura su a zaune. Maiɗakina ta leƙo ta ce in jira ƙanena ya dawo ya kama mini. Na ce mata aikin minti goma ne. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ni na ɗauka, ina azumi, gumi na shiga mini ido. Wajen hawa sai fiffike ɗaya ya bugi tsani. Na dube shi ban ga ya lanƙwashe ba, na wuce. Na rataye, na zura ƙarfen da ke ratsa robar, na ɗaure noti da filaya. A bakin ƙarfen akwai 'yar huda inda fin zai shiga, amma notin bai shige ta ba, hannayena kuma sun fara rawa don gajiya. Na ce a raina, noti ya riga ya ɗauru, me wannan ɗan tsinke zai ƙara? Na jefa su biyun a aljihun rigata.

Saura haɗa waya. An ɗauke wuta tun hantsi, don haka ban ga dalilin zuwa zaure in kashe babban makunnin gida ba. Na feɗe bakin wayoyin da ke leƙowa daga silin, na sake su don in share gumi. A daidai wannan lokaci na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu, "An kawo wuta!" Kafin ihun ya sauka, wayoyin biyu da ke gogar juna a gaban fuskata suka yi tartsatsi da ƙara, makunnin kariya da ke akwatin rarraba wuta, wanda ake kira bireka, ya faɗi. Na daɗe a kan tsanin ban motsa ba. Ni ne nake koya wa yara cewa wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya tsayar da zuciya. Daƙiƙa biyu kafin nan wayoyin suna tsakanin yatsuna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma hannayena jiƙe suke da gumi. Gargaɗi ne a fili. Na karɓi rabinsa: na sauka na kashe makunni, amma ban tsaya na sake duba sauran aikin da na yi ba.

Na murɗe wayoyin da juna na naɗe da salatif. Wata waya mai launin kore da rawaya ta rage, ban ga inda zan kai ta da sauri ba, na cusa ta ciki. Sannan na ja kofin sama ya rufe ƙugiya, na ja na ƙasa ya rufe mahaɗar injin. Nan take duk abin da na yi ya ɓace daga ido. Na kunna, fanka ta juya. Iska ta sauko, labule ya motsa, yara suka yi tafi. Maiɗakina ta ce ashe dai an iya. Na ɗauki hoto na tura wa ƙannena. Ana saura kwana uku Sallah muka mayar da Inna ɗakinta, tare da 'yata, takwararta, wadda ke kwana da ita.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai-tsaye ba. Abin da take so in ji, sai ta faɗa wa wani a gabana, ko ta aiko yaro. Washegarin Sallah 'yata ta same ni a zaure ta ce, "Abba, Inna ta ce in gaya maka fankarka tana magana da dare." Na yi dariya, na ce sabuwa ce, za ta daina. Sai yarinyar ta ƙara da cewa ai su ma ba a ɗakin suke kwana ba, da an yi isha'i Inna take kashe fankar ta shimfiɗa musu tabarma a waje.

A daren na je gidan. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, mafici a hannu, tana korar wa jikarta sauro. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, ta ce iskar waje ta fi daɗi. Matar da rufi ya taɓa ruftowa a gefen gadonta ba ta buƙatar darasin kimiyya kafin ta san sautin abin da ke shirin faɗowa. Ba ta so ta kunyata ni a gaban iyalina, ba ta kuma yarda ta kwantar da jikarta a ƙarƙashin aikina ba, sai ta zaɓi sauro.

Na shiga ɗakin na kwanta a gadonta, na murɗa regileta zuwa ƙarshe. A lamba ɗaya da biyu, inda na gwada ta a ranar farko, lafiya take. A lamba biyar sai sandar ta fara lilo, wani sauti na fitowa daga cikin kofin sama, ƙas, ƙas, ƙas. Na haska fitilar waya a kan zanen gado, sai na ga wani ɗan gari fari-fari ya bazu daidai saitin fankar. Na murza shi a yatsa. Garin katako ne, irin wanda muke sharewa a ƙarƙashin azara kafin ta rufto.

A nan ne lissafin da nake taƙama da shi ya yi mini amfani, amma ta hanyar da ban so ba. Faɗin fanka mai inci 56 ya kai mita 1.4, don haka bakin kowane fiffike yana zagaya kusan mita 4.4 a juyi ɗaya. Irin wannan fanka takan yi juyi 300 ko fiye a minti. Ke nan bakin fiffiken yana gudun kusan kilomita 80 a awa, gudun mota a kan hanyar Zariya. In ta kwana tana aiki awa takwas, ta yi juyi 144,000, kuma tun da ba ta daidaita ba, kowane juyi fizga ce ga ƙugiyar da na murɗa a tubaitu. A ƙarƙashin wannan na ce uwata da 'yata su kwanta, don in tsira da dubu biyar da kuma girman kaina. Na kashe fankar. Daren nan ban runtsa ba.

Kunya ta hana ni kiran matashin da na sallama. Da safe na nufi gidan wani dattijo, aminin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana aikin lantarki a masana'antun Bompai lokacin da suke tashe. Yanzu ido ya yi rauni, hannu na rawa, ya daina hawa tsani. Na ba shi labari ban ɓoye komai ba. Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. Da muka shiga ɗakin ya nemi kujera ya zauna, ya ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Hau, ɗana."

Na sa ƙafa a tsani, ya ce, "Ka kashe babban makunni?" Na ce, "Baba, ai babu wuta." Ya ce, "Ban tambaye ka ko akwai wuta ba." Na je na kashe. Ya sa na duba ko akwai janareta ko inbata da ke haɗe da layin gidan. Ya miƙo mini testa ya ce in taɓa kowace waya, ya kuma ce ita kanta testar ba a yarda da ita sai an fara gwada ta a inda aka san akwai wuta, shi ya gwada tasa kafin ya fito daga gida.

Na zame kofin sama. Notin da na ɗaure da filaya, da yatsa biyu na juya shi. Na sauke fankar, ƙanena na tallafe da ita a wannan karon. Na kama ƙugiya, juyi biyu kawai na yi mata ta zare ta biyo hannuna, katakon ya tsage a tsawonsa. Baba ya karɓe ta ya kai kusa da idonsa, ya tambaye ni kwana nawa da ɗaurawa. Na ce biyar. Ya yi shiru, can ya ce, "Allah Shi ne Mai tsarewa." Sannan ya ce, "Ina fin?" Maiɗakina, wadda ta tsince su a aljihuna wajen wanki ta ajiye a kan taga, aka aika ta ba da su. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Ka ga wannan? In ka yar da shi a hanya ko yaro ba zai tsinta ba. Noti ne ke riƙe fanka, shi kuma wannan shi ke riƙe noti. Duk abin da ke girgiza, notinsa kwancewa yake so ya yi, komai daren daɗewa."

Wuni guda muka yi muna sake aikin, yana zaune yana faɗa, ina sama ina yi. Muka cire fallayen silin uku har muka ga manyan katakan da ke ɗauke da rufin. Da yake babu wanda ya faɗo daidai tsakiyar ɗakin, sai muka gitta katako mai kauri a kan guda biyu muka ɗaure shi. Aka kai guntun rodi wurin mai walda ya lanƙwasa shi, kansa ya rungumi katakon ta sama, ƙasansa ya zama ƙugiya. Baba ya ce in kama ta da hannu biyu in saki ƙafafuna. Na yi lilo a jikinta, ba ta motsa ba. Ya ce abin da bai ɗauki mai gida ba, kada a ba shi amanar mutanen gida. Ya kuma ce da mun yi shawara tun farko, da kafin kafinta ya rufe silin za a sa ƙugiya, in kuwa rufin kankare ne, tun wajen zuba shi ake dasa ta.

Injin kaɗai muka fara ratayewa, ba fukafukai. Robar nan ta zauna a cikin ƙugiya don ta shanye girgiza, aka zura ƙarfe, aka sa washa, aka ɗaure noti har ya wuce huda, aka zura fin aka buɗe ƙafafunsa. Haka aka yi a mahaɗar ƙasa, inda sanda ke kama injin. Wayoyin da na murɗe da salatif ya sa na warware, muka haɗa su da maɗaurin waya mai noti, domin mahaɗar da ta yi sako-sako zafi take ɗauka, daga nan gobara ke tashi a cikin silin ba wanda ya gani. Ya nuna mini cewa a tsohon wayarin ja ce ke ɗauke da wuta, baƙa ce ke mayarwa, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa da shuɗiya ne, kuma lallai mai ɗauke da wutar ce za ta bi ta makunni da regileta, in ba haka ba ko an kashe fanka wuta na nan a jikin wayarta. Wayar nan mai kore da rawaya da na cusa, ita ce ta ƙasa. Aka ɗaure ta a jikin ƙarfen fankar, don in wata rana waya ta feɗe ta taɓa ƙarfe, wutar ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mai shara.

Sai a ƙarshe aka ɗaura fukafukai. Ya sa na tsaya wuri ɗaya ina juyo su ɗaya bayan ɗaya, ina auna tazarar bakin kowanne daga silin. Wanda ya bugi tsani ya sauka da kusan faɗin yatsa. Na ce bari in sayo guda ɗaya in maye gurbinsa. Ya ce a'a, tun daga masana'anta ake auna nauyin ukun a haɗa su, sai dai a sayo ukun tare. Muka auna daga ƙasa, ya ce kada fiffike ya gaza ƙafa bakwai daga daɓe, kada kuma ya manne da silin har ya rasa iskar da zai jawo. Da yake ɗakin Inna ba shi da tsawo sosai, sai da muka sauya sandar da gajeriya.

Muna cikin haka ya nuna wani ɗan abu mai kama da batir a gindin injin, ya tambaye ni ko na san shi. Na ce kafasita ne, ga shi an rubuta 2.5 a jikinsa. Ya ce me yake yi? Na bayyana masa cewa a cikin injin akwai naɗin waya kashi biyu, shi kafasitan yana sa wutar da ke bin ɗaya ta riga ta ɗayan da ɗan lokaci, sai jan maganaɗisun ya riƙa zagayawa maimakon ya tsaya yana kai da komo, wannan zagayen ne ke tayar da fankar ya kuma nuna mata inda za ta juya. Baba ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce, "Shekara arba'in ina canza shi. Na san in ya mutu fanka sai ta tsaya tana gurnani, sai an tura ta da sanda. Amma dalilin, yau na fara ji." Ban taɓa jin daɗin wani darasi da na koyar kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ni ina da dalili, shi yana da aiki, kuma da za a ce a zaɓi wanda za a kwana a ƙarƙashin fankarsa, ko ni shi zan zaɓa.

Da na lissafa abin da na kashe, na sababbin fukafukai da sanda da rodi da fallen silin da na fasa, ya ninka abin da matashin nan ya nema. Baba ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce in ina da abin bayarwa, in kira yaron da na kora. Na kira shi, na ba shi haƙuri, ya ɗaura ta falo na biya shi. Ta ɗakin baƙi kuwa ni na ɗaura, yana tsaye yana kallo, ya gyara mini sau biyu.

Tun daga lokacin nake tunani a kan irin karatun da muke bayarwa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980 an tsara shi ne don yaro ya bar ƙaramar sakandare da abin yi a hannunsa. A makarantar da na yi, injinan koyon sana'a a cikin akwatunansu muka tarar da su, a ciki muka bar su, darasin kuma muka haddace shi daga allo muka ci jarrabawa. Haka na taso, haka kuma na yi shekaru ina tayar da wasu. Ɗalibina zai lissafa maka ƙarfin wutar da fanka ke ja ba kuskure, amma bai taɓa riƙe testa ba. Yaron da ke koyon aiki a shagon mai wayarin ya san testa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa dalilin abin da yake yi. Sannan na farkon ya girma yana raina na biyun, yana yi masa tayin wulaƙanci, shi kuma na biyun, in ba mai tsoron Allah ba ne, sai ya rage aiki daidai kuɗin da aka ba shi. Inda ake ragewa kuwa shi ne inda kofi ke rufewa. Mai gida ya kunna ya ga tana juyawa, ya biya, kowa ya kama gabansa. Tawa ma ta juya, har tafi aka yi mini.

Ba ina cewa kada mai karatu ya taɓa aikin gidansa ba ne. Da koyo akan iya, kuma yau ina iya ɗaura fanka. Abin da nake cewa shi ne, aikin da zai rataya a kan mutane ba wurin gwajin farko ba ne sai da wanda ya sani a kusa, kuma ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. In kuma wani aka kira ya yi, a biya shi hakkinsa, a kuma ce ya nuna ƙugiya da noti da fin kafin ya ja kofi. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Yanzu duk inda na shiga, aji ne, masallaci ne ko ɗakin jinya, sai na tsinci kaina ina ɗaga kai. Fankoki nawa ne ke lilo a kan yara sittin, kowa ya saba da ƙararsu har ya daina ji? Wadda ke cikin ajina ma na iske ta haka. Na kashe ta, na kai magana ofis, muka yi mako guda muna gumi kafin a gyara. Wani fin da ya rage mini yana cikin kwalin allina, kuma duk shekara, ranar da za mu fara darasin lantarki, shi nake fara ɗaga wa ɗalibai kafin in rubuta komai a allo.

Ita kuwa Inna, a daren da muka gama aikin ba ta ce komai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta shiga ta naɗe tabarmar ta jingine a bango. Da safe 'yata ta zo ta ce, "Abba, Inna ta ce fankar ta yi shiru. Ta ce kuma a gai da Baba, Allah Ya yi masa albarka." Na tambaye ta ko ta ce wani abu game da ni. Ta ce a'a, amma ta ba ta furar da ta dama ta ce a kawo wa mai hawa tsani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu ikon tambaya a inda ba mu sani ba.